Malamin Sana'a Ma Sai Ya Koma Aji: Abin Da Muka Gani A Zangon Ankara

Duk ɗan kasuwar da ya saba bin hanyar Aflao ko Paga ya san cewa idan mota ta lalace da kaya a kanta, to ribar tafiyar tana hannun bakanike. A da kunnensa da sifanarsa sun ishe shi. Yanzu kuwa motocin da ke shigowa Gana kwamfuta ce ke sarrafa injinsu, wanda kuma bai iya karanta na'urar gano matsala ba sai ya yi ta canza kayan gyara da kuɗinka har ka gaji.

Wannan ne ya sa muka duba inda 'ya'yanmu na Nima da Mamobi ke koyon sana'a, da kuma wanda ya koyar da malaminsu. Kusa da Nima, a unguwar Kokomlemle, akwai cibiyar horar da masu fasaha ta Ankara da aka buɗe a 1966 da taimakon ƙasar Kanada, inda ake koyar da gyaran mota, wutar lantarki da walda. Amma malamin da ya ƙware a zamanin kafireta, in ba a sake horar da shi ba, ilimin jiya zai miƙa wa ɗalibin da zai fita neman abinci gobe.

Gwamnatin Gana ta lura da haka. A 2016 aka kafa dokar mayar da kwalejojin fasaha jami'o'i, ciki har da ta Ankara, lamarin da ya tilasta wa malamai da dama komawa neman manyan digiri. A 2020 kuma aka kafa Jami'ar Akenten Appiah-Menka a Kumasi da Mampong, wadda babban aikinta shi ne yaye malaman sana'a.

Sai dai digiri kaɗai ba ya ɗaure noti. A ganinmu, malami na buƙatar ya riƙa ajiye alli lokaci-lokaci, ya shiga gareji ko masana'anta, ya ga irin kayan da ake sayarwa a kasuwar Abossey Okai da abin da maƙeran Suwame ke yi a Kumasi. Haka nan iyayen gidan da ke riƙe da yara a shagunan Zango, teloli da kafintoci da masu gyaran waya, su ma malamai ne, kuma yawancin yaranmu a hannunsu suke koyo. Ya kamata Asusun Raya Zango ya sa horar da su a gaba.

Mu ma 'yan kasuwa akwai namu. Kafin ka kai yaro makaranta ko shago, tambayi yaushe malamin ya je ƙaro sani, kuma ka leƙa ka ga kayan aikin da idonka. Wanda ke shigo da injuna ko kayan sola, ba zai yi asara ba in ya ba makaranta guda ɗaya a koya da shi, domin yaran nan su ne za su gyara wa masu sayen kayansa. Allah Ya sa mu dace.