Gem da katun: ana koyon su a sukuu kuwa?



Bara, lokacin da 'yan JHS 3 ke cike takardar zaɓen makaranta kafin BECE, ƙanena ya ce a gaban Baba shi abin da yake so ya karanta a SHS shi ne yadda ake yin gem na waya da katun. Baba ya ajiye butar alwala ya dube shi, ya ce, "Wato in saya maka katifa da akwatin abinci, in biya kuɗin lori, ka je ka koyo wasa?" Kowa ya yi dariya, yaron ya yi shiru. Ni dariyar ba ta yi mini daɗi ba, don tambayarsa tana da amsa, kuma a gidan babu wanda ya ba shi. Ita ce nake so in ba da a nan, don na san ba shi kaɗai ba ne.

A ƙasashe irin su Amurka da Ingila, akwai makarantun sakandare da ke da aji na musamman na tsara gem da katun na kwamfuta. A nan Ghana, in ka duba jerin darussan WASSCE, ba za ka ga darasi mai wannan suna ba. Amma guntayensa suna nan a warwatse. Tun 2019 aka sa darasin kwamfuta a sabuwar manhajar firamare. A SHS akwai ICT, akwai fannin Visual Arts inda ake koyon zane da tsara hoto, sannan sabuwar manhajar da aka fara a 2024 ta zo da darussa irin su Computing da Robotics. Sai dai ba kowace makaranta ke koyar da su duka ba. Ko Paga ce, ko Navrongo, Bawku, Yendi ko Salaga, kafin ka rubuta sunan makaranta a takarda ka nemi wanda ke karatu a can ka tambaye shi abu biyu: wane darasi ake yi da gaske, kuma kwamfuta nawa ne ke kunnuwa a lab ɗin.

To me ake koya a irin wannan aji? Bari mu fara da katun.

Katun ba ya motsi. Hotuna ne tsayayyu ake jera su, kowanne ya ɗan bambanta da na bayansa, ana nuna su da sauri har ido ya ɗauka abu ɗaya ne ke tafiya. Ka gwada da kanka: ɗauki tsohon littafin rubutu, ka zana ƙwallo a kusurwar shafin ƙarshe, a shafin da ke gabansa ka zana ta ta ɗan sauko, haka har shafi ashirin, sannan ka saki shafukan da babban yatsa. Ƙwallo za ta faɗo. Fim na silima yana nuna hoto 24 a kowane sakan, wato 1,440 a minti ɗaya. Masu zanen hannu sukan rage wahala su zana 12 kawai, kowane zane a nuna shi sau biyu. Ko da haka, katun na minti biyar zane 3,600 ne. In kana zana 20 kullum ba fashi, wata shida ke nan. Wannan lissafin da na yi wa Baba shi, sai da ya ce, "A'a, ashe aiki ne."

Abin da kwamfuta ta sauƙaƙa shi ne cike tsakani. Kai za ka nuna mata inda ƙwallo take a farko da inda za ta kai a ƙarshe, ita ta lissafa wuraren da ke tsakiya. Amma ita ba ta san nauyi ba. In ka bar ta, ƙwallon za ta sauko da gudu iri ɗaya daga sama har ƙasa, kamar ana zura guga a rijiya. Ƙwallo ta gaske kuwa tana farawa a hankali, tana ƙara gudu, in ta bugi ƙasa ta ɗan baje, sannan ta miƙe ta tashi. Wannan fa shi ne abin da ticanmu na kimiyya ke faɗi a kan faɗuwar abu, muna hamma.

Saboda haka darasin farko na mai katun shi ne kallo. Mu 'yan Paga kada ba baƙonmu ba ne, baƙi suna zuwa daga nesa su sayi kaza don a kira musu shi daga tafki. Amma wa ya taɓa lura da yadda yake tafiya? Ƙafar gaba ta dama tana ɗagawa kusan tare da ta baya ta hagu, jikin yana lanƙwasa gefe da gefe, wutsiya tana biyowa daga baya a makare. Wanda bai tsaya ya ga haka ba, in ya zana kada yana tafiya, tebur mai ƙafa huɗu zai fito masa.

Gem kuma wani abu ne daban, kuma ni a ganina ya fi katun wuya, ko da yake mutane sun fi raina shi. Katun kallo kawai ake yi. Gem kuwa mutum yana taɓawa, dole abin ya amsa masa, kuma dole ka riga ka yi tunanin duk abin da zai iya taɓawa.

Ɗauki dara da dattawa ke yi a gindin bishiya. Gurbi 30 ne, layi biyar sau shida, kowa da 'ya'ya 12. Da farko ana sakawa ɗaya bayan ɗaya, daga nan a fara turawa, wanda ya jera uku ya ci ɗan abokin wasansa guda. Yaro ɗan shekara takwas zai gane wannan da kallo. Yanzu ka ce za ka koya wa kwamfuta. Ita ba ta san "jere" ba, sai ka ba kowane gurbi lamba. Sai ka gaya mata ɗa yana matsawa gaba, baya ko gefe, gurbi ɗaya tak, ban da karkace. In gurbin akwai wani a ciki fa? In ɗan yana bakin layi, mutum ya tura shi waje fa? In an jera huɗu maimakon uku? In mutum ba shi da inda zai matsa ko kaɗan? Duk tambayar da ka manta ba ka amsa ba, a nan gem ɗinka zai maƙale. Tsara gem ke nan: rubuta dokoki filla-filla, da "idan kaza ya faru, to a yi kaza", har ba sauran rami. Irin wannan jerin matakai shi ake kira algoridim, kuma kalmar daga sunan Al-Khawarizmi ta fito, malamin lissafin da ya yi aiki a Bagadaza fiye da shekara 1,100 da suka wuce. Mu da muka sha i'irabi a hannun Malam, bin ƙa'ida daki-daki ba sabon abu ba ne a wurinmu.

Manhajar da aka fi fara koya wa yara ita ce Scratch, wadda jami'ar MIT ta Amurka ta fitar a 2007. Kyauta ce, kuma akwai wadda ake saukewa a yi aiki da ita ba intanet. Ba a rubuta dogon umarni, tubala ne masu launi kake jawowa kana haɗawa. Filin wasan faɗinsa 480 ne, tsayinsa 360, tsakiyarsa sifili. In kana so abu ya tafi dama ka ƙara wa x, in hagu ka rage. Ranar da na fara ganin haka ne na gane amfanin layin x da y da muka yi ta zanawa a takardar giraf.

Na san abin da wani zai ce: ina kwamfutar? Gaskiya ne. Na taɓa zama a lab inda mu shida muke kan na'ura ɗaya, kafin layi ya zo kaina dumso ya ɗauke wuta. Kuma mun tuna da tica Richard Appiah Akoto na Sekyedumase, wanda a 2018 hotonsa ya zaga duniya yana zana fuskar Microsoft Word da alli a kan allo don makarantarsu ba kwamfuta. Matsalar tana nan. Sai dai rabin wannan aiki a takarda ake yin sa. Masu sana'ar ma kafin su kunna na'ura sukan zana labarin a ƙananan akwatuna, su gwada dokokin gem da kwali da duwatsu. Da wayar yayanka ma za ka iya yin katun: ka gina abu da laka, ka ɗauki hoto, ka ɗan motsa shi, ka sake ɗauka. Wanda ya samu laptop, Pencil2D kyauta ce kuma ba ta da nauyi. Blender ma kyauta ce, ko da yake tana son na'ura mai ƙarfi, kuma da ita aka yi fim ɗin Flow na ƙasar Latbiya, wanda ya ci kyautar Oscar ta katun a 2025.

Maganar hoto kuma ba zan tsallake ta ba, don ita iyayenmu suka fi tambaya. Malamai sun yi saɓani a kan zanen abu mai rai: wasu sun tsananta, wasu sun sassauta a abin da aka yi don yara da koyarwa, suna kafa hujja da 'yar tsanar da Nana A'isha ta yi wasa da ita. Ni ɗalibi ne, ba zan yanke hukunci ba, kowa ya zauna da malaminsa. Abin da zan ƙara shi ne ba kowane gem ke buƙatar hoton mai rai ba. Tetris, da aka ƙirƙira a Mosko a shekarun 1980 kuma har yau ake buga shi, tubala ne kawai. Dara ma haka. A Maleshiya kuwa, katun ɗin Upin & Ipin a 2007 aka fara shi don koya wa yara azumin Ramadan. Inda ba saɓani shi ne caca. Manhajojin betin da suka cinye kuɗin samari da yawa a zango, su ma masu tsara gem ne suka zauna suka tsara su, da ƙararrawa da launi da "saura kaɗan ka ci", don kada ka ajiye waya. Wanda ya koyi yadda ake ɗana wannan tarko ya fi saurin gane shi.

Ana cin abinci da sana'ar? Ana ci, amma kada in ruɗe ku, ƙofar ba ta da faɗi tukuna, kuma yawancin aikin yana Accra. A can kamfanin Leti Arts yake, wanda Eyram Tawia, tsohon ɗalibin KNUST, ya kafa tare da Wesley Kirinya na Kenya a 2009, suka mai da Ananse, Gizon mutanen Akan, jarumin gem. NAFTI, makarantar fim da aka buɗe a 1978, ta koyar da katun. A Abuja, Adamu Waziri ya yi Bino and Fino don yaran Afirka su ga masu kama da su a talabijin. Kuma wanda ya iya wannan aiki bai tsaya ga gem ba, zai iya yin talla, da bidiyon wayar da kai na asibiti, da manhajar waya. Jami'ar da ke Navrongo, nan kusa da mu, tana da karatun kwamfuta.

Abin da ke ba ni haushi shi ne labaranmu suna zaune ba wanda ya taɓa. Ayarin fatake daga Kano zuwa Salaga neman goro, da jakuna da madugu da kuɗin fito a kowane kogi, wannan ai gem ne a shirye: nawa za ka ɗauka, wace hanya za ka bi, ina za ka yada zango kafin dare. Gizo da Ƙoƙi ma suna nan.

Ƙanena dai a ƙarshe ya zaɓi kimiyya, da shawarar ya riƙe lissafi da kyau ya ci gaba da zane a gefe. Da hutun nan ya rubuta dokokin dara a littafi, sun kai 17, ya kai wa Baba ya duba. Baba ya karanta, ya ce ya manta guda: ba a jera uku tun ana sakawa. Yaron ya koma ya ƙara ta 18.