Ƙwarnafin Mai Juna Biyu: Yaushe Ake Kaiwa ga Tiyata?

Da wuya a yi ranar awon ciki ba a sami matan da ke kukan ƙwarnafi ba, wato zafin da ke tasowa daga ƙahon zuci zuwa maƙogwaro, wani lokaci har da ruwa mai tsami a baki. Ga yawancin mata yana wucewa bayan haihuwa. Kaɗan ne nasu ke zarcewa har a yi maganar tiyata.

Me ke kawo shi?

A inda hanyar abinci ta haɗu da tumbi akwai naman da ke tsuke bakin tumbin, kamar yadda zariya ke tsuke wando. Sinadarin da jiki ke yawaita samarwa lokacin goyon ciki yana sassauta naman nan, ga kuma mahaifa na girma tana tura tumbi sama. Shi ya sa abin ya fi tsananta a watanni ukun ƙarshe.

Wasu kuma matsalarsu ta wuce haka. Akwai faffaɗan naman da ya raba ƙirji da ciki, hanyar abinci na ratsa shi ta wata 'yar kafa. Idan kafar ta buɗe, sai saman tumbi ya kutsa cikin ƙirji. Ƙiba, yawan shekaru da juna biyu duk suna taimaka wa hakan.

Kafin haihuwa

A riƙa cin abinci kaɗan-kaɗan, a rage yaji, maiƙo da lemon kwalba. Kada a kwanta sai bayan awa 3 da cin abinci. A ɗaga gado ta wajen kai, a kwanta ta gefen hagu. A guji jiƙa kanwa a sha, domin gishirin da ke cikinta na iya tara ruwa a jiki. Likita kan rubuta magani irin su Gaviscon ko omeprazole. Sai dai a ba da tazarar awa 2 tsakanin maganin kashe tsami da ƙwayar ƙarin jini, don kada ya rage mata ƙarfi.

Tiyatar

Ba a yi wa mai ciki wannan aiki sai idan tumbin ya maƙale ko ya murɗe, wanda ba kasafai yake faruwa ba. Idan an haihu ƙwarnafi ya ƙi jin magani, sai a zura siririn bututu mai kyamara ta baki a duba, a yi sauran gwaje-gwaje, sannan a yanke shawara.

Aikin da aka fi yi, wani likita Bajamushe mai suna Rudolf Nissen ne ya fara shi a 1955. Ana mayar da tumbi mazauninsa, a ɗinke kafar ta ragu, sannan a naɗe ƙarshen hanyar abinci da saman tumbin don ya tare ruwan tsami. Tun 1991 ake iya yin sa ta ƙananan huji a ciki, ba sai an yi doguwar tsaga ba. Bayan aiki sai a yi makonni ana shan kunu da abinci mai laushi. Wasu kan sha wahalar haɗiya, kumburin ciki ko kasa yin gyatsa, wasu kuma kan koma shan magani bayan shekaru. Aikin ba ya hana sake ɗaukar ciki.

Alamomin haɗari

Maigida da sauran iyali su lura: ba kowane ciwon ƙahon zuci ne ƙwarnafi ba. Idan ya zo da matsanancin ciwon kai, dishi-dishin gani, ko kumburin fuska da hannuwa, yana iya zama hawan jinin da ke kai mai ciki ga jijjiga. Haka ma aman jini, baƙin bayan gida mai yauƙi kamar kwalta, maƙalewar abinci, ko ciwon ƙirji mai tsanani da yunƙurin amai ba ya fita. Duk wadda ta ga ɗaya daga ciki, a kawo ta asibiti nan take, ko da tsakar dare ne. Kada a jira ranar awo.