Mai Ciwo Shi Ya San Inda Yake Masa Zafi: Yadda Ake Auna Ingancin Rayuwar Masu Ciwon Daji a Ƙasar Sin

Ƙiyasin Cibiyar Kula da Ciwon Daji ta ƙasar Sin ya nuna cewa a shekarar 2022 kaɗai mutum kusan miliyan 4.8 ne aka gano suna ɗauke da cutar a ƙasar, kimanin miliyan 2.6 kuma suka rasu ta dalilinta. Dajin huhu ne kan gaba. Sai dai ana samun ci gaba wajen magani: waɗanda ke kaiwa shekara biyar a raye bayan gano cutar sun ƙaru daga kashi 30.9 cikin ɗari a tsakanin 2003 da 2005 zuwa kashi 43.7 a tsakanin 2019 da 2021. Da kwana ya ƙaru, sai wata tambayar ta taso. Mutum yana raye, to, wace irin rayuwa yake yi? Yana barci? Abinci yana shiga? Yana iya zuwa bayi da ƙafarsa?

Hoton asibiti yana nuna girman ƙari, gwajin jini yana nuna abin da magani ya yi wa jiki. Tun ƙarshen shekarun 1940 likitoci ke amfani da ma'aunin Karnofsky, inda likita zai dubi majinyaci ya ba shi maki daga 0 zuwa 100. Amma bincike ya sha nuna cewa likitoci kan raina gajiya da zogi da tashin zuciyar da majinyaci ke fama da su. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Shi ya sa masana suka koma tambayar mai ciwon kai tsaye, a rubuta amsarsa yadda ya faɗa, ba tare da wani ya gyara masa ba.

Takardun tambayoyi biyu ne suka fi shahara, kuma dukansu sun fito a 1993. Ta farko ita ce QLQ-C30, wadda ƙungiyar binciken ciwon daji ta Turai, EORTC, ta tsara. Tambaya 30 ce. Ana tambayar majinyaci ko ɗaukar kaya mai nauyi yana ba shi wuya, ko yana buƙatar taimako wajen cin abinci da wanka da sa tufafi, ko a makon da ya wuce numfashi ya yi masa wuya, ko jinya ta jefa shi cikin matsin kuɗi. Amsa huɗu ce zai zaɓi ɗaya: ko kaɗan, kaɗan, da ɗan dama, ƙwarai. A tambaya biyu na ƙarshe zai ba lafiyarsa da rayuwarsa maki daga 1 zuwa 7. Ta biyun ita ce FACT-G ta David Cella na Amurka, mai tambaya 27 kan jiki, iyali da abokai, halin zuciya, da iya gudanar da harkokin yau da kullum.

Kai waɗannan takardu ƙasar Sin bai zo da sauƙi ba. Rubutun da ake amfani da shi a babban yankin ƙasar an sauƙaƙa shi, Hong Kong da Taiwan kuwa suna kan tsohon rubutu. Mutumin Beijing Mandarin yake yi, na Guangdong da Hong Kong kuwa Kantonis. Don haka sai a sa wasu su juya tambayoyin zuwa Sinanci, wasu daban su mayar da su Turanci, a gwada a ga inda ma'ana ta zame, sannan a jarraba a kan majinyata. A shekarar 2000 masu bincike na Jami'ar Hong Kong suka wallafa sakamakon irin wannan gwaji a kan FACT-G.

Bayan harshe akwai al'ada. A FACT-G akwai tambaya kan gamsuwa da mu'amalar aure, kuma majinyata Sinawa da yawa, musamman tsofaffi, tsallake ta suke yi don kunya. Masanin nan Arthur Kleinman, wanda ya yi bincike a lardin Hunan a farkon shekarun 1980, ya lura cewa mutane da dama a can ba sa cewa ransu a ɓace yake, sai dai su ce kai yana ciwo, barci ya ƙaurace, jiki ba ƙarfi. Wanda ya tsaya kan tambayar baƙin ciki kaɗai zai wuce mai damuwa bai gan shi ba. Haka kuma akwai abubuwan da Basine ke ɗauka da muhimmanci waɗanda takardun Turawa ba su taɓo ba. Da aka tsara takardar ingancin rayuwa ta Hukumar Lafiya ta Duniya don mutanen Taiwan, sai da aka ƙara tambaya biyu: ko mutane suna girmama shi, da ko yana samun abincin da ransa ke so. Farfesa Wan Chonghua da abokan aikinsa kuwa tasu takardar suka ƙirƙiro, mai suna QLICP, domin majinyatan Sin.

Babban cikas shi ne ɓoye wa majinyaci ciwonsa. A gidaje da yawa a Sin, iyali ake fara faɗa wa, su kuma su roƙi likita kada ya sanar da mai ciwon, don gudun kada tsoro ya karya shi. A kan wannan al'ada Lulu Wang ta gina fim ɗinta The Farewell na 2019. Dokar farar hula ta ƙasar, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2021, ta ce a yi wa majinyaci bayani, in ba zai yiwu ba ko bai dace ba a yi wa danginsa na kusa. To, tsohuwar da aka ce mata gyambon ciki ne, me za ta amsa in an tambaye ta ko iyalinta sun karɓi ciwonta? Sau da yawa ma ɗa ko 'ya ke karɓe biro su cike mata, amsar ta zama tasu.

Duk da haka, amfanin tambayar a bayyane yake. A wani gwaji da aka yi da majinyata 766 a asibitin Memorial Sloan Kettering na New York, wanda aka wallafa a 2017, waɗanda ke aika rahoton halin jikinsu ta intanet sun fi sauran daɗewa a raye da kusan wata biyar. A 2022 kuma likitocin Asibitin Ciwon Daji na Sichuan da wasu asibitocin Sin suka wallafa nasu gwajin kan waɗanda aka yi wa tiyatar huhu. Majinyaci yana ba zogi, gajiya, rashin barci, sarƙewar numfashi da tari maki daga 0 zuwa 10, da zarar ɗaya ya kai 4 sai saƙo ya isa ga likita. Waɗanda aka bi ta wannan hanya sun fi samun sauƙin alamomin, kuma matsalolin bayan tiyata sun ragu a cikinsu.

Ma'aunin yana da iyakarsa. Wanda jiki ya yi wa tsanani yakan kasa cike takarda, sai sakamakon ya fi gaskiyar lamarin kyau. Tsohon ƙauye da bai iya karatu ba ko ba shi da babbar waya, sai an zauna an karanta masa.

Mai karatu, in kana jinyar wani, idan likita ya tambaye shi jiki, ka bar shi ya amsa da bakinsa. In kai ne majinyacin, haƙuri da godiyar Allah ba sa hana ka faɗi inda ke maka zafi. Ka gaya wa likita gajiyarka da rashin barcinka da matsin kuɗinka dalla-dalla, domin abin da aka faɗa shi ake nema wa magani.