Iri Mai Sauyayyar Halitta: A Rumbun Wa Zai Kwana?

Duk manomin wake ya san ɓarnar tsutsar maruka. Takan shiga fure da kwanso ta cinye amfanin tun bai ƙosa ba, har sai an yi feshi sau shida zuwa takwas a damina ɗaya. Domin maganinta ne Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, da ke Jami'ar Ahmadu Bello, ta fitar da waken SAMPEA 20-T a ƙarshen 2019. An dasa masa ƙwayar halitta daga wata bakteriya ta cikin ƙasa, wadda ke kashe tsutsar idan ta ci shukar, sai feshi ya ragu zuwa kamar sau biyu. A Janairun 2024 kuma aka amince da masarar TELA, mai jure tsutsar da ta addabi gonakinmu tun 2016.

Tun daga nan muhawara ta kaure, wasu na cewa guba ce, wasu na cewa ceto ne. Amma akwai tambayar da ta fi kusa da aljihun ƙaramin manomi: idan kaka ta yi, zai iya ware irin baɗi daga abin da ya girbe?

A nan wake da masara suka raba hanya. Furen wake kan yi wa kansa barbara, don haka irin da manomi ya ajiye zai fito da halin uwarsa. Masarar TELA kuwa iri ne mai aure. Wanda ya sake shuka abin da ya girbe zai ga yabanya ta rarrabu, amfani ya ja baya, dole ya koma kanti kowace shekara. Mai kadada ɗaya da ke neman bashin taki ya kamata ya san wannan kafin ya sayi buhu.

Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Burkina Faso ta rungumi audugar Bt a 2008. Tsutsa ta ragu, amma zaren audugar ya gajarce, darajarta ta faɗi a kasuwar duniya, ƙasar ta yi watsi da ita a 2016. Iri na iya cin nasara a gona ya faɗi a kasuwa.

Saboda haka nauyi na kan hukumar NBMA, wadda doka ta kafa a 2015, ta tabbatar kowane buhu na ɗauke da bayani da harshen da manomi ke karantawa. Malaman gona su faɗa masa cewa wannan waken ba ya maganin ƙwarin da ke tsotsar kwanso, balle ƙwaron rumbu. Shi kuma manomi ya gwada sabon iri a ɓangare ɗaya na gonarsa, ya lissafa kuɗin iri da na feshi da farashin Dawanau, sannan ya yanke shawara. Kada kuma ya rabu da irin da ya gada, domin ranar da iri ya yi tsada a kanti, shi zai koma wa.