Aure Ya Yi Tsami, Haraji Fa?

Shirinmu na musamman yau yana Agege ne, cikin Legas, inda Hausawa suka kafa zango tun zamanin fataucin goro da jirgin ƙasa. Tambayar da muka ɗauko ita ce: mata ta yi yaji, ko miji da mata sun raba ɗaki amma igiya ba ta tsinke ba, to wa hukumar haraji za ta bi?

A Amurka wannan babbar magana ce, domin can ma'aurata kan zaɓa ko su cike takarda ɗaya tare, ko kowa ya cike tasa. A Najeriya babu wannan zaɓi. Kowa da kansa, kowa da abin da ya samu. Ku sake ji: kowa da kansa.

Abin da ya ja hankalina shi ne tarihin yadda mace ta shiga littafin haraji a Legas. A Arewa mun tashi mun ga haraji a kan baligan maza, jangali a kan shanu, har Abubakar Rimi ya soke su a Kano a Jamhuriya ta Biyu. Ba a bin mace. Amma a Legas, a 1940, Turawan mulki suka ce duk macen da ke samun fam 50 a shekara sai ta biya. Sai Alimotu Pelewura, mai sayar da kifi, shugabar matan kasuwa, wadda ba ta yi boko ba, ta sa aka rufe kasuwanni, mata suka yi dafifi zuwa gidan Gwamna Bourdillon. Ba a soke dokar ba, amma an ɗaga iyakar zuwa fam 200, yawancin mata suka tsira. Mai kifi ta sa Gwamna ya ja da baya! Ni dai wannan baiwar Allah tana burge ni ƙwarai.

To mu dawo yau. Sabuwar dokar haraji da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2025 ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026. Naira 800,000 na farko a shekara babu haraji a kansu. Sannan akwai rangwamen haya: kashi 20 cikin ɗari na kuɗin hayar da mutum ya biya, amma kada ya wuce naira 500,000.

Nan ne maganar ta shafe ki, Hajiya. A ce kin bar gidan miji, kin kama ɗaki ciki da falo, kina sayar da tuwo da masa a bakin tasha. Ke kike biyan haya daga gumin goshinki, amma saboda kunya kika ce wa mai gida ya rubuta rasit da sunan Alhaji. Ranar da za ki nemi rangwame, da wace shaida? Rasit ya zama da sunanki, lambar haraji ta zama taki. Wannan bai kashe aure ba, kuma bai hana sulhu ba.

Kai kuma Alhaji, ciyar da iyali wajibi ne a kanka muddin akwai aure, yara kuwa ko babu aure. Sai dai kuɗin ciyarwa ba ya cikin abubuwan da doka ta lissafa a cire kafin a yanka maka haraji. Kada ka ce za ka rage wa yara don hukuma ta matsa maka. Su ba ruwansu.

Lokaci na neman ƙure mana. Jihar da mutum yake zaune ita ke karɓar harajinsa, kuma an daɗe ana duba mazauninsa na ranar 1 ga Janairu. Wadda ta koma gidan iyayenta a Kano kafin wannan rana, Kano ce tata, ba hukumar LIRS ta Legas ba. Wa'adin miƙa bayanan shekara kuwa 31 ga Maris ne. A je ofishin haraji da ƙafa, a karɓi rasit, kada a miƙa kuɗi ga ɗan kan hanya.