YADDA ZA KA RAGE ZAFIN ƊAKI DA BAZARA

Manoman ƙasar Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi sun san halin bazara. Daga watan Maris zuwa Mayu zafi yakan wuce digiri 40 da tsakar rana. Yawancin zafin da ke cikin ɗaki ta rufi da bango yake shiga. Saboda haka maganinsa shi ne a tare rana tun ba ta taɓa gini ba.

Abin ya shafi lafiya. A wannan lokaci ne sanƙarau yake yaɗuwa, musamman inda mutane da yawa suke kwana a ɗaki guda marar iska. Annobar da ta fara a Zurmi a ƙarshen 2016 ta bazu zuwa jihohi da dama, ta kashe mutum fiye da 1,000 a Nijeriya kafin damina ta 2017.

1. RUFI

Soro da ɗakin ciyawa sun fi ɗakin kwano sanyi, don ƙasa mai kauri da ciyawa ba sa barin zafi ya ratsa da sauri. Kwano kuwa nan da nan yake ɗaukar zafi ya sako shi a kan na ciki. In ɗakinka na kwano ne, yi masa silin da zana ko asabari ko tabarmar kaba. Ka bar fili kamar taƙi biyu tsakanin kwano da silin, da ƙananan ƙofofi a bango ta inda iska mai zafi za ta fita. Ka shafa wa kwanon farar ƙasa ta sama, gama fari yana mayar da hasken rana. Ruwan damina zai wanke ta, sai a sake kowace shekara a watan Fabrairu. Wasu sukan shimfiɗa karan dawa a kan kwano. Yana taimako, amma a nisanta shi da murhu, a kuma kwashe shi kafin ruwan farko.

2. ITATUWA

Bangon yamma shi ne ya fi shan rana, shi ne kuma yake gasa ɗaki har tsakar dare. Dasa dogon yaro ko mangwaro a yamma da ɗaki, kamar ƙafa 20 daga bango don kada saiwa ta tsaga gini. Lokacin dashe shi ne Yuli, bayan ruwa ya zauna. In da kanka za ka rena dogon yaro, shuka 'ya'yan da zarar sun nuna, don ba sa jimawa ƙarfin tsirowarsu yake mutuwa. Kewaye dashen da ƙaya saboda awaki, ka riƙa ba shi ruwa a ranin farko. Kafin itacen ya girma, kafa rumfar kara ta tare bangon.

3. ISKA

Taga ɗaya ba ta isa. A yi biyu suna duban juna, iska ta shiga nan ta fita can. Da hantsi a rufe su, da almuru a buɗe. Inda ba halin kwana a tsakar gida saboda rashin tsaro, a huda ƙananan tagogi can sama kusa da rufi, a sa musu waya.

4. RUWA

Ajiye randa a inuwa a kan yashi mai laima, a rufe bakinta. Yara da tsofaffi da masu ciki su riƙa sha a kai a kai. Dabbobi da kaji ma a yi musu rumfa, kada ruwa ya yanke musu.

KU LURA: wanda ya kamu da zazzaɓi mai zafi da ciwon kai, wuyansa ya sanƙare, a kai shi asibiti nan take, kada a jira gari ya waye. In an zo rigakafi, a fito da iyali duka.

Don neman dashe ko ƙarin bayani, tuntuɓi malamin gona ko malamin daji na ƙaramar hukumarku.