Ikko da Ankara a Ma'aunin Ɗan Cin Rani

Kowace shekara in an gama girbin gero da dawa da riɗi a ƙasar Dutse, samari da magidanta da dama su kan ɗaure kayansu su nufi Kurmi. Mutanen Buji, wadda hedkwatarta ta ke Gantsa, suna cikinsu. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Damina a wannan yanki ba ta cika wuce wata huɗu ba, wanda kuwa ba shi da fadama ko wata sana'ar hannu, sai ya zauna yana kallon rumbu yana raguwa. A ƙidayar 2006 mutanen Ƙaramar Hukumar Buji duka ba su kai 100,000 ba, alhali na Jihar Ikko sun haura miliyan 9. Wanda ya yi wannan tafiya ta fiye da kilomita 1,000, lalle yana da wani ma'auni a ransa da ya ke gwada zaman can da na gida, da kuma zaman wani birni da na wani. Abin da za a duba a nan shi ne irin wannan ma'auni, da yadda birane biyu na bakin teku, watau Ikko da Ankara ta ƙasar Ghana, su ke fita in an ɗora su a kansa.

Turawa suna da nasu ma'auni. Akwai wata ma'aikata a London, Economist Intelligence Unit, wadda ta kan jera biranen duniya kowace shekara bisa ga abu biyar: zaman lafiya, da kiwon lafiya, da ilmi, da al'adu tare da yanayin wuri, da kuma hanyoyi da ruwa da lantarki.  A jerin 2022 birni 172 aka gwada, Ikko ta zo ta 171, Dimashƙa kaɗai ke ƙasa da ita. Ba a ce lissafin ƙarya ne ba. Amma fa asalinsa an shirya shi ne domin kamfanoni su san ƙarin da za su biya ma'aikacin da suka tura wata ƙasa, watau mutumin da wani ke biya masa haya. Saboda haka ba ya iya bayyana abin da ya sa motocin Arewa ba su fasa sauke mutane a Agege ba.

Abin da a ke ji a rediyo da jaridu yanzu, wai "ingancin rayuwa", fassara ce ta kwanan nan, da wuya a ji ta a bakin manomi. Kalmomin da Bahaushe ya gada su ne jin daɗi, da wadata, da zaman lafiya, da rufin asiri, kuma ba su yi daidai da juna ba. Jin daɗi na jiki ne, yana zuwa yana wucewa. Wadata ta shafi yawan abin hannu. Rufin asiri shi ya fi cancanta a tsaya a kansa. Asirin da a ke nufi a nan shi ne rashin mutum da bukatarsa. An rufe shi in maigida ya ciyar da iyalinsa, ya yanka ragon suna, ya yi wa 'yarsa kayan ɗaki, ba tare da ya tsaya ƙofar wani yana murza hannu ba. To, ba a rufe abu sai don gudun idon wani. Ke nan kalmar da kanta tana ɗauke da masu kallo, watau dangi da surukai da maƙwabta waɗanda suka san mutum suka san ubansa. Rufin asiri yana da mazauni, kuma mazauninsa shi ne inda aka san ka.

Daga nan a ke gane halin ɗan cin rani. Ya raba wurin nema da wurin rufin asiri. In ya kwana a kango, ko a barandar masallaci, ko su shida a shago ɗaya a Ikko, bai ga asirinsa ya tonu ba, gama masu kallonsa suna Buji. Abin da zai tona shi shi ne ruwan farko ya sauka ya same shi ba kuɗin taki.

Ikko ta yi girma irin wanda ba a saba gani ba. A ƙidayar 1952 mutanenta wajen 270,000 ne, a ta 1963 sun kai 665,000, mayar da babban birnin ƙasa Abuja a 1991 kuwa bai tsayar da ita ba. Ga shi teku da tafki sun matse ta, fili ya yi kaɗan, haya ta yi tsada. Dokar haya ta 2011 ta hana a karɓi fiye da kuɗin shekara ɗaya daga sabon ɗan haya, amma ko na shekara ɗayan, in an haɗa da ladan dillali da kuɗin takardar yarjejeniya, ya fi ƙarfin mai tura kurar ruwa. Ɗan cin rani ya kan kauce wa wannan ta hanyar ƙin kama ɗaki sam. Ya kan sauka wurin wani ɗan garinsu da ya riga shi, ko ƙarƙashin wani maigida. Abner Cohen ya bayyana wannan tsari na maigida da baƙinsa a littafinsa na 1969 a kan unguwar Sabo ta Ibadan, inda maigida ke ba da masauki, ya tsaya wa baƙo a ciniki, ya zama shaidarsa. Irinsa a ke samu a Agege da Idi-Araba da kasuwar Mile 12. Har wa yau tsadar birnin tana da wata fuska da ta ke yi masa rana: inda kome ke da tsada, jarkar ruwa da gadi da ɗaukar fasinja a babur su ma suna da tsada. Ribarsa tana tsakanin samu irin na Ikko da kashewa irin ta Buji. Wannan tazara ta tsuke tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, domin kuɗin mota ya tashi, hauhawar farashi kuma ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disamba 2024.

Abin da Ikko ta gaza ba shi shi ne tabbas. A Yuli 1990 gwamnatin soja ta rushe unguwar Maroko, mutane wajen 300,000 suka rasa matsuguni. A Fabrairu 2002 aka yi faɗan ƙabilanci a Idi-Araba, aka yi asarar rayuka masu yawa. Wanda ya fi kusa da gida shi ne na ƙarshen Agusta 2019, sa'ad da jami'an Jihar Ikko suka tare wata babbar mota ɗauke da mutum 123 daga Jigawa da babur 48, suka tsare su, daga baya aka sake su. Sa'an nan aka hana acaɓa a wasu manyan sassan birnin a Fabrairu 2020, aka ƙara tsananta hanin a Yuni 2022. Mutumin da ya sayar da tumakinsa ya sayi babur, rana ɗaya jarinsa ya zama abin kamawa. Tsarin mulki ya ba kowane ɗan Nijeriya ikon zama inda ya ga dama, wannan gaskiya ne, amma a titi sunansa baƙo.

Labarin Ankara dabam ya ke, domin Hausawa sun isa can ta hanyar fatauci. Ayarin goro ya daɗe yana zuwa Gwanja da kasuwar Salaga, daga nan wasu suka gangara bakin teku, musamman bayan Ankara ta zama mazaunin gwamnati a 1877. Malam Baƙo, wanda mahaifinsa ya fito daga Katsina, shi ya kafa Sabon Zango a farkon ƙarni na 20, kuma Deborah Pellow ta rubuta littafi a kan masu gidajen unguwar da 'yan hayarsu a 2002. Mai nazarin harshe zai lura da abin da ya sami kalmar zango a can. A ƙasar Hausa zango wuri ne da ayari ke sauka ya kwana ya tashi. A Ghana ma'anar tashi ta faɗi, zango ya zama unguwar da a ke haihuwa a ke binnewa a cikinta. Hausa kuma ta zama harshen hulɗa a Nima da Mamobi da sauran zangunan, har a bakin waɗanda ba Hausawa ba, ta kuwa sauya kama a hannunsu. Bambancin jinsi, wanda ɗalibai ke shan wahalarsa a aji, ya ɓace a Gananci, sai a ji an ce "yarinya ya zo" ba wanda ya ɗaga kai. Amfanin wannan ga sabon zuwa babba ne, gama yana iya neman ɗaki da abinci da aiki da harshen uwarsa, alhali a Ikko da ya fita daga unguwar Hausawa sai ya nemi buroka ko Yarbanci.

Sai dai Ankara ba ta fi sauƙin kuɗi ba. Dokar haya ta 1963 ta ƙayyade kuɗin gaba kada ya wuce na wata shida, amma masu gidaje sun saba neman na shekara biyu. Hauhawar farashi ta kai kashi 54.1 cikin ɗari a Disamba 2022. Ambaliya ma ba ta bar ta ba: a daren 3 ga Yuni 2015 ruwa da gobarar wani gidan mai suka haɗu suka kashe fiye da mutum 150. Abin da ya fi duka nauyi kuwa shi ne takarda. Ran 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da izinin zama mako biyu su bar ƙasar, mutane dubbai suka fita, har da waɗanda ba su taɓa ganin garin kakanninsu ba. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba da damar shiga ba biza har kwana 90, amma dokar zuba jari ta 2013 ta keɓe talla da ƙaramin ciniki a kasuwa ga 'yan Ghana, su ne kuwa sana'o'in da baƙo mara jari ya ke fara kamawa. Wanda ya tashi daga Jigawa ta hanyar Ikko kuma, iyaka uku zai tsallaka kafin ya isa.

In an haɗa waɗannan, za a ga tambayar wane birni ya fi daɗin zama ba ta da amsa sai an san mai zaman da tsawon zamansa. Ga wanda aka haifa a Sabon Zango, yana da takardar ƙasa, dangi na kewaye da shi, Ankara ta zama wurin nema ta kuma zama wurin rufin asiri, tsadar haya ce kawai ke cin sa. Ga mutumin Buji mai wata biyar a hannu, Ikko ta fi, ko da ya ke ta fi cunkoso ta fi tashin hankali, domin ba iyakar tsallakawa, ba canjin kuɗi, kuma in abu ya ɓaci mota ɗaya ta ishe shi zuwa Kano. Shi ne ke yin zango da ma'anarta ta asali.

Akwai wani na uku wanda lissafin nan biyu bai kama ba, shi ne wanda ya tafi cin rani ya zarce. Tun da aika kuɗi ta waya ya yi sauƙi, mutum na iya barin gona a hannun ƙanensa, ya aika da kuɗin taki da na ƙwadago, shi kuwa ya ci gaba da gadinsa. Shekara biyu ko uku a haka, sai maganar ɗauko iyali ta taso. Ran da matarsa ta sauka, kwanan shago ya ƙare. Dole ya kama ɗaki ya biya na shekara, ya nemi makarantar yara da asibitin haihuwa, ya sayi ruwan da a da shi ke sayarwa. Masu kallonsa kuma yanzu suna cikin ɗakin tare da shi. Abubuwa biyar ɗin nan na Turawa, waɗanda a da ba su shafe shi ba, sai su hau kansa gaba ɗaya, ba kuwa kamfanin da zai biya masa ƙari. A gida har yanzu in an tambayi inda ya ke, cewa a ke yi ya tafi cin rani, ko da damina ta uku ce ta same shi a Agege.